Makaranta a tudu, tafki a gangare: yadda na bi sawun yarjejeniyar fili tsakanin birninmu da hukumar makarantu a Teksas

Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwa mazauna Amurka, musamman waɗanda suka sayi gida a sababbin unguwannin da ke kewaye da Houston, inda filin da ka gani da ciyawa bana, baɗi gini ne a kansa. A bayan unguwarmu akwai wani fili mai faɗi, wani ɓangare na birni, wani na hukumar makarantun yankinmu. Suka shirya haɗa shi, a gina makarantar firamare a tudun, a haƙa tafkin tare ruwan sama a gangaren. Ni ba injiniya ba ne, ba kuma lauya ba. Magidanci ne mai gida a layi na biyu daga filin, mai 'ya'yan da za su shiga wannan makaranta in an gama ta. Ina son makarantar ƙwarai. Amma duk wanda ya ga guguwar Harvey a watan Agusta na 2017, lokacin da ruwa ya shiga gidaje fiye da 150,000 a gundumar Harris kaɗai, mafi yawansu ma ba sa cikin yankin da taswira ta nuna a matsayin mai haɗari, to in ya ji za a taɓa ƙasa kusa da gidansa, tambayarsa ta farko ita ce ina ruwan zai bi.

Turakun safiyo masu jan ƙyalle ne suka fara sanar da mu, ba wasiƙa ba. Dokar Teksas ta ce idan za a sauya tsarin amfani da fili, birni ya aika wa masu gidajen da ke cikin ƙafa 200 takarda kafin zaman sauraron jama'a, kuma sunan da ke rajistar haraji ake bi. Gidana ya wuce wannan tazara, 'yan haya kuwa ko a jikin filin suke ba su ake rubuta wa ba. Don haka na tashi na tafi sakatariyar birni, na tsaya a tebur ɗin sashen tsara gari. Matar da ke wurin ta saurare ni da kyau, ta juyo mini da allon kwamfutarta, ta nuna mini filin an raba shi da layi biyu masu launi daban. Ta ce abin da ya shafi tafkin da za a haƙa a gangaren nasu ne, amma batun makaranta sai in je ofishin hukumar makarantu, domin ba a ƙarƙashinsu take ba. Na tafi can, tafiyar da ta fitar da ni daga birnin namu gaba ɗaya, aka ce mini jami'in gine-gine yana wurin aiki, in bar saƙo. Da ya kira ni daga baya, sai ya ce zanen makaranta nasu ne, amma magudanar ruwa injiniyan birni ne ke amincewa da ita. Na koma gida ranar raina a jagule, ina ganin kamar kowa na tura ni wurin ɗan'uwansa ne don ya rabu da ni.

Ashe duk gaskiya suka faɗa, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mutum ya gane tun kafin ya fita daga gida. A Teksas hukumar makarantu gwamnati ce mai zaman kanta. Akwai irinsu fiye da 1,000 a jihar, kowace da iyakarta, wadda sau da yawa ba ta dace da iyakar birni ba. Tana da majalisar amintattu da jama'a ke zaɓa, galibi mutum bakwai, ba a biyan su albashi. Tana sa nata harajin gida, kuma in ka duba takardar harajinka za ka ga layinta daban da na birni da na gunduma, yawanci ma shi ne mafi tsoka. Magajin gari ba ya ba ta umarni, ita ma ba ta ba shi. Idan suna son yin aiki tare, sai sun rubuta yarjejeniya ƙarƙashin babi na 791 na kundin dokokin gwamnatin jihar, wanda ya ce dole majalisar kowane ɓangare ta amince, kuma takardar ta fayyace manufa da haƙƙi da nauyin da ke kan kowa. Da na fahimci haka sai hankalina ya ɗan kwanta, domin na san akwai takarda ɗaya da duk amsoshin ke ciki, kuma za a kaɗa mata ƙuri'a a ɗakuna biyu.

Neman takardar ya ci mini lokaci. Dokar samun bayanai ta jihar, babi na 552, ta ba kowa damar neman takardun hukuma, ba a tambayar ka dalili, ba a tambayar ka ko kai ɗan ƙasa ne. Sharaɗin shi ne ka nema a rubuce, kuma takardu za ka nema, domin doka ba ta tilasta musu amsa tambaya ko ƙirƙirar sabon bayani ba. In ka rubuta "shin ruwa zai shigo layinmu?" ba wanda zai amsa maka. In ka rubuta cewa kana son rahoton nazarin magudanar ruwa na fili kaza, da taswirar safiyo, da daftarin yarjejeniya, to akwai abin da za a ɗauko. Na aika wa sakatariyar birni ta imel, na aika irinta ga jami'in bayanai na hukumar makarantu, domin kowa da nasa kundin. Daga birni aka turo mini ƙiyasin kuɗi, saboda na haɗa da duk wasiƙun da suka yi wa juna. Ƙa'idar jihar ita ce santi 10 kowane shafi, dala 15 kowace awa ta aikin ma'aikaci in takardun na da yawa, kuma in kuɗin zai haura dala 40 dole su rubuto maka ƙiyasi tukuna. Kana da kwanakin aiki 10 ka amsa, in ka yi shiru a ɗauka ka janye. Na cire batun wasiƙu, na ce a turo sauran ta imel, sai kuɗin ya zama ba abin a zo a gani ba. Rahoton ruwan da taswirar suka zo. Daftarin yarjejeniyar kuwa ba su bayar ba, suka ce lauyoyi na kan aiki, kuma sun miƙa batun ga babban lauyan jiha ya yanke hukunci, wanda doka ta ba shi har kwanakin aiki 45. Na lissafa na ga kafin amsa ta fito an riga an kaɗa ƙuri'a. Wannan ya sosa mini rai, ko da yake doka ta ba su wannan dama.

Rahoton ruwan kauri gare shi, cike da jadawali da lambobi. Na karanta abin da zan iya, na ja layi a inda na kasa, na nemi ganin injiniyan birni. An ba ni lokaci bayan jira mai ɗan tsawo, kuma wannan zama shi ne mafi amfani a duk kai-komon da na yi. Ya shimfiɗa babbar taswira a tebur, ya danne gefenta da kofinsa, ya ɗauki fensir ya fara daga tushe. Ya ce fili mai ciyawa yana shan ruwa yana kuma rage masa gudu, amma da zarar an sa rufin makaranta da filin ajiye motoci da hanyar motocin ɗaukar yara, ruwan da dā yake nutsewa zai kwararo gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Aikin tafkin shi ne ya karɓi wannan ruwa ya riƙe, ya riƙa sakin sa a hankali ta wani ƙaramin bututu, yadda abin da ke fita ba zai wuce na kafin gini ba. Kamar ƙwarya ce mai ɗan huji a gindi. Irin wannan tafki a bushe yake zama, bayan ruwa ya ɗauke da kwana ɗaya ko biyu ya tsane, shi ya sa ake iya yin filin ƙwallo a cikinsa. Ya nuna mini yadda suke auna girmansa, da ma'aunin ruwan da zai rufe eka ɗaya zurfin ƙafa ɗaya, wato kusan galan 326,000. Ya kuma ce lissafin na bisa sababbin alƙaluman ruwan sama ne da hukumar nazarin yanayi ta Amurka, NOAA, ta fitar wa Teksas a 2018, waɗanda suka ɗaga ruwan kwana ɗaya da ake kira na shekara ɗari (wato mai yawan da yiwuwar saukarsa kashi 1 cikin 100 ne a kowace shekara) a yankin Houston daga wajen inci 13 zuwa wajen inci 18. Duk wanda zai duba irin wannan rahoto, ya tabbata da sababbin aka yi aiki, domin tafkin da aka auna da tsofaffin ƙarami ne.

A nan ne na gane me ya sa ɓangarorin biyu ke son haɗin, kuma na yarda yana da kyau. Da kowa zai yi nasa, makaranta za ta haƙa ɗan ƙaramin tafki da zai ishe ta ita kaɗai, ta rasa filin wasa, birni kuma ya ci gaba da neman inda zai kai ruwan titunanmu. Da aka haɗa, birni ya ba da tudunsa a yi gini, hukumar makarantu ta ba da gangarenta, a haƙa babban tafki ɗaya da zai ɗauki ruwan makaranta da na unguwa, ƙasar da aka haƙo kuma a cike harabar makaranta da ita maimakon a biya tifofi su kwashe. Kuɗin duka daga aljihun masu biyan haraji ɗaya yake fitowa. Amma wannan cikon ƙasa shi ya tsaya mini a rai. Na tambaye shi, in aka ɗaga harabar makaranta kafin a gama tafki, aka yi ruwa mai ƙarfi a tsakani, ina zai nufa? Ya yi shiru kaɗan, ya ce tsarin aiki na ɗan kwangila ne, sai dai in yarjejeniya ta ɗaure shi. Na tambayi wa zai riƙa share ragar ƙarfen da ke bakin bututun, tunda leda da ganye kaɗan sun isa su toshe ta. Ya ce wannan ma yarjejeniya ce za ta faɗa. Ya sa bakin fensir a kan wata 'yar ƙaramar alama a kusurwar taswirar ya ce duk aikin nan a kan wannan wuri ya rataya.

Daftarin ya fito ne ta hanyar da ban zata ba. Dokar zaman hukuma a bainar jama'a, babi na 551, ta wajabta a liƙa ajanda kafin taro. A lokacin awa 72 ne, daga Satumba 2025 aka mayar da shi kwanakin aiki uku. Hukumomi da yawa suna ɗora ajandar a shafinsu na intanet tare da duk takardun da za a tattauna, kuma a cikin wannan tarin na ga yarjejeniyar, kyauta, a ajandar majalisar amintattu. An sa ta cikin jerin batutuwan da ake amincewa da su a dunƙule da ƙuri'a ɗaya ba tare da muhawara ba, tsakanin sayen kayan kicin da sabunta kwangilar motoci. Na karanta ta a daren. Ta ce hukumar makarantu za ta haƙa tafkin, birni zai biya kasonsa, bayan kammalawa birni ya karɓi tafkin, makaranta ta riƙa yanke ciyawar filin wasa. Game da bututun fita da ragarsa ba ta ce komai ba. Game da wanne za a fara, tafki ko ciko, ba ta ce komai ba. Ba na zargin kowa da mugun nufi. Lauyoyi sun kula da kuɗi da mallaka da inshora, abin da ke gabansu ke nan, amma ba su ne za su tsaya a bakin ƙofa da tsakar dare suna kallon ruwa na hawa matakala ba.

Washegari na bi maƙwabta gida-gida. Akwai wani dattijo ɗan'uwanmu Bahaushe da ke zaune wurin ɗansa a layin farko, katangarsu na kallon filin. Na gaishe shi na ce, "Baba, ina so ka zo ka yi magana, kai ne ka fi kowa ganin yadda ruwa ke kwanciya a bayan nan." Ya ce, "Ɗana, ni da ba ni da ƙuri'a a ƙasar nan, Turancin ma bai zauna ba, wa zai saurare ni?" Na gaya masa ƙuri'a ta 'yan ƙasa ce, amma magana a gaban majalisa ta kowa ce. Tun 2019 dokar jihar ta ba kowane mutum damar yin magana a kan batun da ke ajanda kafin a yanke shi ko lokacin da ake tattauna shi, kuma wanda zai yi magana ta bakin tafinta dole a ninka masa lokaci, in dai ba su da na'urar fassara nan take. Ya ce to, in ni zan fassara, zai zo.

A zaman amintattu sai ka cike ɗan kati kafin a fara, ka rubuta lambar batun da za ka yi magana a kai. Wasu hukumomin ma ta intanet ake rajista kuma suna rufewa da wuri, don haka a duba ƙa'idar kowace. Mun zauna aka karrama ɗalibai, aka saurari rahoton kuɗi, sannan suka shiga zaman sirri, wanda doka ta yarda da shi in ana maganar cinikin fili ko shawarar lauya, sai dai ƙuri'a dole a fito fili a kaɗa ta. Jiran ya yi tsawo, wasu maƙwabta masu ƙananan yara suka tafi. Da aka kira mu, minti uku aka ba kowa, agogo na ƙirgawa a allo. Na faɗi buƙatu uku kawai: a gama tafki kafin a fara ciko, a rubuta sunan wanda zai kula da bututu da raga, a kuma nuna a zane cewa in tafki ya cika ya tumbatsa, rarar za ta bi ta babbar magudana, ba ta layinmu ba. Baba ya miƙe da hularsa, ya yi sallama, ya bayyana inda ruwa ke fara taruwa da inda yake bi, yana nunawa da hannu, ni ina fassarawa. Ba wanda ya amsa mana, kuma wannan shirun yana da nauyi in ba ka saba ba. Haka tsarin yake, sauraro suke yi ba muhawara da mai magana ba. Amma da aka zo jerin dunƙule, wata daga cikin amintattun ta nemi a ware batunmu. Ta yi wa jami'in gine-gine tambayoyin da muka yi, aka ɗage ƙuri'a zuwa zama na gaba domin lauyoyin ɓangarorin biyu su sake dubawa. A mota Baba ya ce, "Ka gani, tun ran gini ran zane."

Majalisar birni ta fi sauƙi, domin kafin zamanta na rubuta wa kansilan mazaɓarmu, na haɗa masa shafukan da na ja wa layi, ya kuma tura wa manajan birni. Sabon daftarin da ya fito ya ɗora kula da bututu da raga a kan sashen ayyuka na birni, ya kuma ce sai tafkin ya kai girman da zai ɗauki ruwan wurin kafin a zuba kankaren makaranta. Wannan bai kai abin da muka nema ba, domin mu cewa muka yi kafin ciko, amma ya fi shiru. Batun hanyar rarar ruwa ba a sa shi a yarjejeniya ba, aka ce yana cikin zanen injiniya mai hatimi, aka nuna mini shafin, na kuma karɓi kwafi. Wasu iyaye sun nemi a kewaye tafkin da waya saboda yara, wasu suka ce waya za ta hana amfani da filin da yamma. Aka tsaya a kan shinge tsakanin harabar makaranta da tafkin kawai, da gangare mai sauƙin hawa. Har yanzu ina ganin bakin bututun ya cancanci nasa shingen, domin a nan ruwa ke da ja. Majalisun biyu suka amince da rubutu iri ɗaya, kowace a nata zaman.

Abin da zan gaya wa wanda irin wannan ya taso a unguwarsa shi ne ya fara da ajanda, ba da ofis ba. Ka nemi shafin majalisar birni da na majalisar amintattu, ka riƙa duba su duk mako, har da jerin dunƙule, domin ranar da takarda ta bayyana a can kwanaki kaɗan ne suka rage maka. Takardar neman bayanai ta fi amfani wajen samun rahoton ruwa da taswira, kuma a aika ta da wuri, a taƙaice. Lokacin da magana ke tasiri shi ne kafin majalisa ta farko ta kaɗa ƙuri'a, saboda da zarar ɗaya ta amince, ɗayar ba ta son taɓa ko kalma, tunda gyara na nufin a mayar wa ta farkon. Kada ka je da "ba ma so" in abin da kake nufi shi ne "a gyara." Buƙata ƙarama da za a iya rubutawa a layi ɗaya ita ake iya ba ka. Ka kuma je da wanda ya daɗe yana kallon filin, ko da ba ya jin Turanci, domin abin da Baba ya nuna da hannu ya yi daidai da layukan da ke taswirar injiniya, kuma na ga yadda hakan ya sa suka gyara zama.

Ban da wannan, tafki ba ya maye gurbin inshora. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai ka sayi ta ambaliya daban, kuma ta shirin gwamnatin tarayya da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke gudanarwa galibi sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka ba a jira sai an sanar da guguwa. Ruwan da ake kira na shekara ɗari yana nufin yiwuwar saukarsa kashi 1 cikin 100 ne a kowace shekara, wanda a tsawon bashin gida na shekara 30 ya kai wajen kashi 26 cikin 100. Na sabunta tawa kafin motocin haƙa su iso, na kuma ɗauki hotunan titinmu da bakin kwalbatinmu bayan ruwan sama, da kwanan wata a jiki, domin in wani abu ya canza a samu abin kwatantawa. Kwafin yarjejeniyar mai sa hannun ɓangarorin biyu na nema a rubuce bayan ƙuri'a, aka turo mini ba tare da wani jinkiri ba. Na buga shafin da ya ambaci bututun, na rubuta lambar sashen ayyuka a samansa, na raba wa gidajen layin farko da na biyu, domin duk wanda ya ga ruwa ya wuce kwana biyu a tafkin bai tsane ba ya san ofishin da zai kira da sakin layin da zai karanta musu.